Amin a Makarantar Mishan

Baba ma'aikacin gwamnati ne, muna zaune a Unguwar Dosa. Da ya ga makarantar gwamnati ta koma yau yajin aiki gobe yajin aiki, sai ya kai ni wata makarantar kuɗi ta 'yan mishan, bisa sharaɗi guda: idan ana addu'ar taron safe, in tsaya ido buɗe, baki rufe. Na kiyaye har na kai aji huɗu.

Ina son makarantar nan kamar me, saboda malamar ajinmu. Ita ta koya mini karatu, ita ce kuma take kora mu, mu 'yan Musulmi, mu je mu yi azahar a gindin mangwaro.

Wata safiya Baffa, yayan Baba, direban tasi da ya zo daga Kano, ya sauke ni a makaranta, ya tsaya a bakin ƙofa yana duba taya. Shugabar makaranta ta sanar cewa malamarmu tana asibiti, haihuwa ta zo da gardama. Ta roƙi Allah ya sauke ta lafiya, da Hausa. Ban san lokacin da na ce amin ba, da ƙarfi kuwa.

Da yamma Baffa ya zaunar da Baba, ya ce da kunnensa ya ji, an fara juya yarinya. Na ce, "Baffa, ai mu ma amin muke cewa."

Ya ce, "Namu daban."

Na dubi Baba. Mutumin da yake cika falo da Turanci idan abokansa sun zo ya sunkuyar da kai, ya ce, "To, Yaya." Har yau wannan "to" ɗin ya fi maganar Baffa yi mini ciwo.

Ranar Litinin na tsinci kaina a makarantar gwamnati, zaune a ƙasa, allo ba malami. A bakin wata 'yar tsohon ajinmu na ji, a kasuwa, cewa malamar ba ta tashi ba, ta rasu. A gida babu wanda zan yi wa kuka.

Ina sakandare ciwo ya kwantar da Baffa. Dangi suka cika ɗakinsa, liman ya roƙa masa sauƙi, kowa ya shafa yana amin. Ni ina bakin ƙofa a tsaye, ido buɗe, baki rufe, kamar yadda aka koya mini.