Injin Niƙan Da Na Haɗa Wa Matata

A ƙarshen shekarun tamanin ni fita ne, wato mai gyaran injuna, a reluwe a Kafanchan, mutum mai ji da hannunsa. Da aka rage ma'aikata sunana na ciki, sai gidan ya koma kan matata, wadda ke dafa burukutu sau biyu a mako. Ita take jiƙa dawa, ta shimfiɗa ta har ta tsira, ta shanya, ta durƙusa kan dutse tana niƙa har gwiwoyinta suka yi kanta. Kallonta nake ina jin kunya, shi ya sa na ce zan yi mata inji.

Na je shagon wani dattijo Ibo a bayan kasuwa. Injin niƙa iri biyu gare shi, babba wanda aka ƙera don a ɗaura masa mota, wato inji mai juya shi, da ƙarami na hannu. Na ɗauki ƙaramin. Da ya ji zan cire mariƙin in ɗaura masa tsohon injin ban ruwa, sai ya ce ba a yi shi don gudu ba, in kuma na nace, to in rufe bel ɗin da zai haɗa injunan biyu kafin mace ta tsaya kusa. Na ce masa wanda ya gyara kan jirgin ƙasa ba za a koya masa injin dawa ba. Ya karɓi kuɗinsa ya miƙo mini.

Kwana huɗu na yi ina haɗawa, kuma ya yi aiki. Niƙan yini guda ya koma na ɗan lokaci, matan unguwa suka fara kawo nasu. Matata ce kaɗai ta yi ƙorafi. Ta ce garin yana fitowa da zafi, giyar ta canza a bakinta, kuma in ta sunkuya zuba tsiron dawa iskar bel ɗin tana kaɗa mata zane. Na yanko kwanon rufi don in yi wa bel ɗin murfi, na jingina shi a bango, na ce sai Asabar. Asabar wajen shida ta wuce.

Wata safiya ina gyaran keke a tsakar gida na ji ƙarar injin ta sauya. Ban ji ihu ba tukuna. Bel ya kama gefen zanenta, ta kai hannu ta fizge, ya haɗa da hannun. Ban sa masa makashi a kusa ba, sai da na zagaya na tsinke wayar fulogi ya mutu. A asibiti suka yanke hannun daman daga ƙasan gwiwa.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne abin da na yi da na dawo gida ɗaukar mata kaya. Na tsaya na wanke injin, na goge shi, na zuba masa mai. Ban san dalili ba. Ban yi kuka ranar ba, ban yi daga baya ba. Fasto ya zo, matan zumunta suka zo, ina amsa gaisuwa kamar wani ake yi wa jaje.

Da ta farfaɗo na zauna ina jira ta zage ni. Sai ta ce, "Maigida, tsiron nan da ya rage, ka shanya shi ko ka bar shi ya lalace?"

Na ce na bar shi. Ta ce to.

Har yau ba ta ɗora mini laifi ba, ni kuma ban iya buɗe baki na roƙi gafara ba. Ta daina dafa giya, tana zama wajen masu shanya citta tana tsince da hagu. Muna ci, muna kwana, yara sun girma.

Na gane cewa na saurari ƙarfe fiye da mutumin da zai tsaya gabansa. Duk mai shirin ɗaura wa injin niƙa mota, ya sayi wanda aka yi dominta, ya rufe bel kafin ya tayar ko sau ɗaya, ya sa makashi inda hannu zai kai. In mai aikin ta ce wani abu bai yi mata ba, ya kashe a take. Ran Lahadi in aka ɗauki waƙa ana tafi a coci, matata cinyarta take bugawa. Ni ina ɓangaren maza, kuma duk cikin tafin nan nata nake ji.