Farin Zare Biyu a Jirgin Yawuri

Ranar wata Asabar, mako biyu bayan an gama ɗaurin gero, a shekarar da na cika goma sha ɗaya, na fara ganin kogi da idona. Motar da ta kwaso mu daga Gesheme ta juye mu a Gaya da hantsi, ni da Baba da Inna da ƙanena Illo, ɗan shekara uku, wanda ke saɓe a wuyan Baba yana gaigayar ƙuli. Gonarmu ko dami ashirin ba ta ba mu ba a shekarar, shi ya sa Baba ya toshe ƙofar gida da ƙaya, ya ce za mu ci rani a Yawuri wajen ƙanensa mai noman albasa. Jirgin ruwa ya fi mota sauƙi, sai dai kwana uku ake yi a hanya. Da muka gangara bakin gaɓa sai na ƙame wuri ɗaya. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Duk wanga ruwa, ba mai shi?"

Ba za ka gane mamakinmu ba sai ka san inda muka fito. Rijiyar garinmu in ka leƙa ba ka hango ruwa, duhu kawai za ka gani. Mu huɗu muke kama igiya mu yi ta ja har bayan dangar liman kafin guga ya fito. Kullum sai na yi sawu uku da tulu kafin a buga ƙarfen lakwal, wato makarantar boko, tafin hannuna duk kanta. A gidanmu ruwa ba ya aiki ɗaya ya tafi: wanda aka wanke tsaba da shi na akuya ne, na wanke-wanke kuma a zuba wa zogalen bayan ɗaki. Da damina ne muke shaƙatawa, mu je tabki mu kore shanu gefe, mu tace da kallabi mu sha, ba abin da ke samun mu. Da yamma mu baje ƙarƙashin gawo muna carafke, Illo ya lallaɓo ya wawuri duwatsuna ya cusa a baki, in bi shi da gudu har gindin rumbu. Ina sonsa ƙwarai, amma ya sha ranƙwashi a hannuna.

A lakwal kuwa ni ce ta ɗaya a lissafi. Mushe, malaminmu, yakan ɗaga allona ya zagaya aji da shi, ya ce, "Ku dubi aiki, ku masu kan kabewa." Na ɗauki kaina da girma, ban ɓoye ba. Har Baba, wanda bai taɓa zama aji ba, ya koma kirana duk ranar kasuwar Gesheme in duba masa ko an cuce shi.

Jirgin dogon kwalekwale ne mai inji da rumfar tabarma, shaƙe da buhunan kanwa da mutane. A tsakiya matar mai jirgin ke zaune, wata dattijiya mutuniyar ƙasar Dandi da kowa ke kira Iya, gabanta gangar ƙarfe biyu cike da ruwan famfo. Tsarinta kowa ya san shi sai mu baƙi. Tun kafin a tashi za ka zaɓa. In ka ba da dala ɗari da ashirin ta ɗaura maka jan zare a hannu, ka sha ruwa iya cikinka har Yawuri, ga shayi safe da yamma. Dala sittin kuma farin zare ne, ruwa kaɗai. Wanda bai ɗaura ba, kowane kofi dala biyar. Sharaɗi ɗaya ne: a gabanta za ka sha, ba a ɗiba a kai wa wani, kuma yaro da babba duk kuɗi ɗaya.

Baba ya kwance bakin zanen Inna. Bayan kuɗin jirgi, dala ɗari da ashirin cif suka rage. Ya juyo ya ce, "Ke ɗiyar lakwal, taho ki yi muna lissahi. Wanne ya fi riba?"

Na durƙusa a kan rairayi na zana da yatsa, mutane na kallo, raina fari tas. Jan zare na watsar da shi nan take, shayi ai ba dole ba ne. Farin zare kuwa sai mutum ya sha kofi goma sha biyu kafin ya ci kuɗinsa. Baba zai wuce haka tun rana ta biyu, Inna ma za ta kai. Ni da ƙyar. Illo kuwa, da ɗan cikinsa, ko kofi shida ba zai shanye ba. Na miƙe na karkaɗe gwiwa na ce, "Baba, ku da Inna za a ɗamre ma. Na Illo asara ce. Mu ga ruwa nan kyauta ko'ina."

Iya ta dubi Illo ta dubi Baba. Ta ce, "Malam, ruwan kogi ba na cikin baƙo ba ne. Mu da aka haifa a kai mun saba. Ka ɗaura wa ƙaramin." Baba ya yi dariya ya ce, "Ɗiyan Arewa ne, tabki sunka sha sunka girma. Wanga ma da ke gudu?" Mu a wajenmu ruwan da ke kwance shi ne abin tsoro, mai gudu kuwa ai ya wanke kansa. Aka ɗaura farin zare biyu. Baba ya shafa kaina ya ce lakwal ta yi rana.

Ranar farko daɗi kamar me. Na ga tsuntsaye farare a kan tsibiri, na ga mata na wanki, na ga garuruwa suna zubar da shararsu a gaɓa, ban kawo komai a raina ba. Ni da hannuna nake miƙa ƙwarya in ɗebo, in tace da kallabina, in ba Illo, in sha saura. Yana sha yana dariya, ruwan na bi masa ta haɓa.

Washegari da azahar ya fara amai, sai gudawa ta biyo, fara sol, ba ƙaƙƙautawa. Kafin la'asar idonsa ya faɗa, ya daina kuka ma. Iya ba ta ce "na gaya muku" ba. Ta buɗe ganga, ta dama gishiri da sukari, tana ɗura masa da cokali, ko dala ba ta nema ba. Amma duk abin da ya shiga sai ya dawo. Mai jirgi ya ce likita mafi kusa sai Yawuri, ya ƙure inji har yana hayaƙi. Ni ma cikina ya murɗa, na yi ta roƙon Allah a ɓoye ya mai da ciwon duka kaina. Nawa ya lafa da kansa.

Da hantsin rana ta uku Illo ya cika a cinyar Inna, saura tafiyar rabin yini. Aka tsaya a wata tungar masunta da har yau ban san sunanta ba. Mutanen da ba su san mu ba suka yi masa wanka, suka rufe shi a tudun rairayi. Da muka koma jirgi na ga Baba yana cizon farin zaren da haƙori har ya tsinke. Daga nan har Yawuri bai ƙara kai ruwa bakinsa ba.

Ba wanda ya taɓa ɗora mini laifi. Inna takan ce kwanansa ne ya ƙare. Baba ya rayu shekara goma sha tara bayan haka, bai ta da zancen ba ko sau ɗaya, amma bai sake kirana in yi masa lissafi ba. Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Yanzu a Yamai nake, a wani ofishin shirya tafiye-tafiye. Masu hali sukan zo su kama wuri a manyan jiragen teku na yawon shaƙatawa, kuma can ma, ashe, tsarin Iya ne: ka biya abin sha tun daga gida, ƙarami ko matsakaici ko babba, a ɗaura maka wani abu a hannu. Kwanan baya wani ɗan kasuwa ya zo da iyalinsa, ya ce in zaɓa musu wanda ya fi riba, ya nuna ɗansa ya ce, "Wannan a bar shi, me zai sha?" Na ce, "Alhaji, ko kurɓi ɗaya zai yi, da shi za mu fara." Ya yi mini kallon wadda ke son cin kuɗinsa, ya biya yana ƙunƙuni. A wancan jirgin ba wanda ƙishirwa za ta kashe, na sani. A garinmu ma yau akwai famfo, yara ba su san jan igiya ba. Illo da yanzu yana da nasa 'ya'yan, ni kuwa ko tudun da yake kwance ba zan iya nunawa ba.

Na sake lissafin nan sau ba adadi ko zan kama kuskure a ciki. Har yau daidai yake fitowa.