Masar Dada, Huɗu da Ɗaya

Kowa a gidanmu ya yarda cewa masar kakarmu Dada ta bi ta kabari. Wai albarkar hannu ce. Ba haka ba ne, kuma ranar da na gane hakan ba za ta taɓa fita raina ba.

Jajibirin bikin yayata ne, a unguwar Sintali. Abu ɗaya ta roƙa: dangin ango su ci masa irin ta Dada. An kawo shinkafa mudu ashirin daga kasuwar Iware, amma Mama da Goggo, yayar Baba, sun tsaya a kanta suna musu. Dada takan jiƙa wata, ta dafa wata, ta haɗa su a kai niƙa. Nawa take dafawa, nan rigimar take.

"A bikina mudu goma sha biyu ta jiƙa, ta dafa uku," in ji Goggo.

"Yaya, ran sunan amaryar nan takwas ta jiƙa, ta dafa biyu. Ni na auna," in ji Mama.

"Uwata za ki koya mini?"

Rana tana yi, ko ruwa shinkafar ba ta gani ba, amarya har ta fara hawaye. Ni kuwa ba ni da haƙuri, har yau ban samu ba. Na ɗauki gawayi na rubuta a ƙasa: uku bisa goma sha biyu, biyu bisa takwas. Na rage kowanne yadda aka koya mana a sakandare, har ya ƙi raguwa. Duka biyun suka tsaya a ɗaya bisa huɗu.

"Magana ɗaya kuke yi tun safe," na ce. "Duk mudu huɗu da ta jiƙa, ɗaya take dafawa. A jiƙa sha shida, a dafa huɗu."

"'Yar boko, da gawayi ake toya masa?" in ji Goggo.

"Goggo, in ta lalace ki ɗora mini."

Washegari Goggo ce ta zauna gaban tanda. Ta ɓare ta farko, ta kai baki, ta tauna. Can ta miƙa wa Mama rabin, ta ce, "Ci, ki ji tsohuwa."

Na koyi cewa mutum biyu kan riƙe gaskiya ɗaya su yi ta faɗa a kanta, don babu wanda ya rage ta zuwa asalinta. Bana na nemi kwalejin ilimi. Lissafi zan koyar, kuma da mudu zan shiga aji.