Ranar da Inna Ta Kifar da Randuna

Shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira maigidana ya rasu, ya bar ni da yara da gida a Kurmin Mashi. Sai na mayar da ɗakunan waje masauki: fataken Babbar Kasuwa su kwana, da safe in ba su koko da ƙosai. Ba a jima ba aka ce sai da lasisi, lasisi kuma sai duba-gari ya leƙa ya sa hannu. In ya ƙi, a rufe, mu tattara mu koma ƙauye. Ni kuwa na rantse ba inda za ni.

Aka gaya mini abin da zai duba: masai da murfi, taga a kowane ɗaki, uwa uba wadataccen ruwa mai tsabta. Ranar da zai zo na wanke randuna tas, 'yan garuwa suka cika su fal, na fita bakin titi taryensa.

Ashe na manta da Inna, mahaifiyata. A zamaninsu da an ce ga duba-gari, mata sai su zubar da ruwa, kada ya ga tsutsa a randa ya ci su tara.

Muna shigowa na ga tsakar gida ta zama fadama. Randuna duk a kife, Inna na tsaye tana haki, zani sharkaf.

"Duba, ɗana," ta ce masa, "ko ɗigo ba za ka samu ba!"

Wallahi kaina ya yi zafi. "Inna, kin kashe ni! Ruwan fa ya zo gani!"

"Rufe mini baki, yaushe aka haife ki?"

Na ruga maƙwabta in samo ko bokiti ɗaya. Ina! Inna ta riga ta leƙa ta katanga ta yi musu gargaɗi, layin kaf ya zubar.

Na dawo hawaye na zuba, ina lissafin hanyar ƙauye. Na tarar da mutumin ya cire hula yana dariya har da riƙe ciki.

"Hajiya, share hawayenki," ya ce. "Ni ma in na je Zariya da kakin nan, sai tsohuwata ta kifar da randarta sannan take amsa gaisuwata. Ruwa kam na gan shi, ga shi har cikin takalmina."

Ya sa hannu. Har Inna ta koma ga Allah tana gaya wa baƙi ita ta samo mana lasisi. Da ina musa mata. Yanzu da babu ita, ni nake faɗa.