Inda Aka Binne Cibiyar Babana

Duk wanda ya san babana, Allah ya jiƙansa, ya san yana da magana guda da ya fi ƙauna fiye da tuwo. Gardama ko ta mece ce, ko da ta farashin albasa, sai ya daki ƙirji ya ce, "Ni nan Garwa aka binne cibiyata." Ya faɗa wa direbobi, ya faɗa wa jandarma, na taɓa jin ya faɗa wa wani jaki da ya tare masa hanya. Ga shi da murya. In ya yi gyaran murya a zaure, kajin maƙwabta fasa yin ƙwai suke.

Mahaifiyarsa, wadda muke kira Iya, 'yar ƙaramar tsohuwa ce. In iska ta taso mukan leƙa mu tabbatar tana nan. Baba shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Yana zaune kusa da ita har inuwarsu ta haɗu, sai ta juyo wurina ta ce, "Maigidana, ka ce wa mutumin nan tuwonsa na hucewa." Ni kuma in juya in isar da saƙon da ya riga ya ji. Na yi wannan aiki shekara da shekaru, ko lada ba a ba ni ba.

A lokacin gidanmu ne na ƙarshe a unguwa. Bayanmu fili ne, sai tumfafiya da awaki. Wata damina jauro, wato mai unguwa, ya yanka wa wani Musye Toma wuri a filin nan. Makanike ne, yana gyaran injin jiragen ruwa a kwatar Binuwai. Gadamayo ne, kamar yadda Fulani ke kiran duk wanda ya fito daga kudu, hayin kogi. Mai gidan da yake haya ya ce ya tashi, matarsa kuma ciki ya tsufa, tana tafe tana riƙe da ƙugu. Ya haƙa harsashi, ya fara jera bulo yana gaggawa, don ya samu ko ɗaki ɗaya kafin ta sauka.

Baba ya ce bai san wannan zance ba. Wai za su kawo kiɗa, za su kawo kwalba, warin kifi zai hana mu salla. Musye Toma ya zo har zaure da hularsa a hannu, da Hausarsa ta kasuwa.

"Alhaji, ni maƙwabci ne. Ba faɗa, ba surutu. Madam ya kusa haihu."

"Musye," in ji Baba, "ina aka binne cibiyarka?"

"A Duwala, Alhaji."

"To can ne gidanka."

Baba ya bi dattawan unguwa gida gida, suka sa rana: gobe bayan la'asar za su je wurin jauro a karɓe filin. Kowa ya san in Baba ya buɗe murya a gaban jauro, magana ta ƙare. Musye Toma da matarsa sai su kwana inda Allah ya nufa, cikin ruwan sama.

Ran nan da magariba aka tsuge da ruwa. Zaure ya yi yoyo, dole Baba ya kwaso tabarmarsa da rediyonsa ya dawo ƙarƙashin rumfar murhu, inda Iya ke gasa mana masara. Ya zauna ya ba mu baya, don shi babban mutum ne, ba ya sauraron tatsuniya. Ni da ƙanwata Ladi muka matsa jikin Iya. Ummanmu tana gefe tana kwasar tuwo.

Iya tana da nata mabuɗin tatsuniya, ba irin na sauran tsofaffi ba. Ta ce, "Ga wata ta taso daga bakin ruwa, a jiƙe."

Muka ce, "Ta shigo ta bushe."

Ta baje toka da tafin hannu, ta ja layi da tsinke. "Wannan teku ce."

Ladi ta ce, "Iya, ta kai Binuwai girma?"

"Binuwai in ta je can, wanke-wanke za a sa ta."

Ta ce a bakin tekun nan akwai wani gari, sunansa Matsa-can. Da fari masunta ne kawai, kowace zuriya da kwatarta da kwale-kwalenta. Ta ɓare ƙwayoyin masara ta jera su a bakin layi. Sai jiragen Turawa suka zo sayen manja. Da farko a kan ruwa suke kwana, suna jin kunyar sauka. Da kunya ta ƙare, suka hangi tudu inda iska ke kaɗawa, suka ce wa masunta, "Ku matsa can." Ta ture masarar baya da tsinke, ta ɗora ɗan garwashi a wurin. Nan aka yi unguwar manyan gidaje.

Sai mutanenmu suka gangaro da shanu da kanwa da fata. Masunta suka dube su suka ce, "Ku matsa can." Aka yi zango a bayansu. Sai mutanen duwatsu suka iso da kaya a ka, neman aikin kwata. Mutanen zango, waɗanda ƙafarsu ba ta ma bushe ba, suka ce musu, "Ku matsa can." Duk wanda aka gaya wa, sai ya adana maganar a aljihu ya jira na bayansa. Haka garin ya dinga girma, unguwa bayan unguwa, kamar ƙaton mutum a kan benci. Har aka kai fadama, aka ce wa kwaɗi ma su matsa.

Muka yi dariya. Na lura rediyon Baba ya rage murya, amma bayansa bai motsa ba.

Iya ta ce ana nan sai wani falke ya iso daga arewa da matarsa, yarinya, da cikin fari. Suka nufi zango, wurin 'yan'uwansu masu salla irin tasu, masu magana irin tasu. Mutanen zango suka ce wuri ya cika, ku matsa can. Suka matsa. Can ma aka ce su matsa. Ruwan garin nan kuwa ba ya tsayawa ya huta, in ya fara ran Juma'a sai wata Juma'ar ta same shi yana zuba. Har suka kai ƙarshen fadama, inda ƙasa ke haɗiye ƙafa zuwa gwiwa.

A nan akwai wata mace mai ƙyafe kifi, 'yar masuntan nan na farko, da ɗan gicciye a wuya. Ba ta jin Hausa ko ta sannu. Ɗan tudunta bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Ta dubi cikin yarinyar, ta dubi sama, sai ta ja ragar kifinta gefe ta nuna musu wurin.

"A duk garin nan," in ji Iya, "ita kaɗai ce ta matsa ba wanda ya ce mata."

Suka yi ta zuba toka da ɓawon kwakwa har wuri ya ɗauki bukka. Yarinya ta haihu, namiji. Aka nemi busasshiyar ƙasa da za a binne cibiya aka rasa, sai ƙarƙashin murhun kifi. Nan aka binne ta. Zazzaɓi ya kama mai jego, nono ya ƙafe, jariri ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Mai kifi tana da nata goyon. Ta ɗauki wannan ta sa a dama, nata a hagu. Haka ta shayar da su har ɗan baƙi ya fara rarrafe, ya yi ƙiba, ya yi murya, in ya yi kuka kwaɗin fadama sai su yi shiru.

Ni tun ina yaro bakina ba ya zama. Na ce, "Iya, mene ne sunan yaron?"

Ta juya masara. Ta dubi wuta, ba ta dubi kowa ba. Ta ce, "Garba."

Jama'a, ni na taɓa ganin mota ta faɗa Binuwai, na taɓa ganin tsawa ta raba bishiya biyu, amma ban taɓa jin abin da ya daskarar da ni kamar wannan kalma ba. Garba sunan Baba ne. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sa a bakin Iya ba, Umma ma da ta riga ni zuwa gidan ba ta taɓa ji ba. Mara ta suɓuce daga hannun Umma ta faɗa cikin tukunya. Ladi ta tsaya da masara a baki, ba ta tauna ba, ba ta tofar ba. Ni kuwa na tabbata ruwan sama ma ya ɗan dakata ya saurara.

Baba ya juyo a hankali. Muryar nan mai hana kaji ƙwai ta koma kamar ta ɗan tsako.

"Iya, ai tatsuniya ce ko?"

Ba ta dube shi ba. Ta taɓa gwiwata. "Maigidana, ka ce wa mai tambaya ya duba ƙwaurinsa na hagu. Garwashin kifi ne, ran da ya fara rarrafe."

Duk mun san tabon nan. Baba ya sha gaya mana kada ne ya kai masa cafka a Binuwai yana yaro, ya naushe shi a ido ya tsira. Na buɗe baki zan isar da saƙo kamar kullum, na ga ba amfani. Ya riga ya ja wandonsa sama yana kallon tabon kamar yau aka manna masa.

"Me ya sa ba a taɓa gaya mini ba?"

"Ka ce masa uwa ba ta zama da ɗan fari ta yi masa hirar haihuwarsa. Aikin ubansa ne. Uban kuwa can ya rasu, na goyo shi na dawo wurin dangina bai yi wayo ba." Ta ajiye tsinken hannunta. "Ka ce masa yana da ɗan'uwa na nono a Duwala. Ban san inda yake ba, ban san 'ya'yansa ba. Duk Gadamayon da ya gani, ya dube shi da kyau kafin ya ce masa ya matsa."

Ta share taswirarta da hannu, teku da tudu da zango duka suka koma toka. "Na ajiye ta nan. Mai so ya ɗauka."

Masarar da ke kan wuta ta ƙone ƙurmus, ba wanda ya kula. Baba bai ci tuwo ba, abin da bai taɓa faruwa ba ko ranar da yake zazzaɓi.

Washegari bayan la'asar dattawa suka zo da manyan rigunansu su tafi da shi wurin jauro. Ba ya zaure. Suka bi muryarsa, don ta dawo, suka same shi bayan gida a filin Musye Toma, ya naɗe hannun riga, yana yi wa magini faɗa.

"Wannan bango ne ko bayan raƙumi? Mace za ta haihu a nan, rushe ka sake."

Musye Toma yana tsaye da bulo a hannu, baki buɗe. Baba kuma sai satar kallon fuskarsa yake, hanci, kunne, goshi, kamar mai neman akuyarsa da ta ɓata a garken wani.

Wani dattijo ya ce, "Alhaji, jauro na jira."

"Ku gaishe shi."

"To maganar cibiya fa?"

"Malam, miƙo mini wancan bokitin."

Suka tafi ba shi. An ce da suka isa, kowa ya jira wani ya fara, daga ƙarshe suka yi zancen magudanar ruwa suka watse. Madam ta haihu a ɗakin nan tun siminti bai gama bushewa ba. Iya ce ta dogara sanda ta je ta yi wa jariri wanka, ita ta nuna inda za a binne cibiyarsa, gindin darbejiyar da ke tsakanin gidajenmu. Aka sa masa suna Pol. Daga ranar Baba bai sake faɗin maganar nan tasa ba. In gardama ta yi zafi, sai ka ga hannu ya tashi zai daki ƙirji, sai ya ƙare da susa.

Yanzu ni ma na yi furfura, ina kai albasa Duwala a kamiyo, babbar motar kaya. Zuwana na farko na bi garin da taswirar tokar nan a kaina, kuma wallahi ba ta ɓatar da ni ba. Ga tudu da ofisoshi, ga zango da mahauta da masu goro. Fadamar ce babu. Benaye ne, da kwalta, da 'yan babur kamar fara. Na tambayi tsofaffi labarin wata mai ƙyafe kifi, suka ce ɗana, wacce daga ciki? A lissafina cibiyar Baba tana ƙarƙashin wani shagon tayoyi. Duk sanda na wuce nakan ce, "Baba, sannu da haƙuri." Mai shagon ya ɗauka ina da taɓin hankali.

Ina yaro na zaci abin da Iya ta koya mana shi ne kada mutum ya cika baki. Sai da na girma na gane ba Baba ne kan labarin ba. Matar nan ce, wadda ko sunanta ba mu riƙe ba. Da ba ta ja ragar kifinta gefe ba, da babu Baba, babu ni, babu wannan surutun da nake muku.

Unguwarmu kuwa yanzu tsakiyar Garwa ce, tumfafiya sai a tarihi. Kwanan baya Pol ya same ni a ƙofar gida, ya yi tumbi, yana huci. Wai wasu mutanen Mokolo, daga can cikin duwatsu, sun sayi kangon da ke bayansa, za su cika wuri da hayaniya. Ina kallo ya ɗaga hannu, ya daki ƙirji, ya ce da Hausar da ta fi tawa, "Yaya, ni fa nan aka binne cibiyata."

Saura kaɗan in faɗo daga benci. Da na dawo hayyacina, na aiki yaro ya sayo masara, na ce a hura gawayi. Na ce, "Pol, in an yi magariba ka zo. Ka taho da tabarma."