Motar da Ka Hana a Tayar

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayana, bakaniken da ya shafe shekara arba'in da ɗoriya a ƙarƙashin motocin mutane. Na Allah muke, kuma wurinsa kowa ya nufa. Ya cika a ɗakinsa bayan doguwar jinyar ciwon suga, ya bar matarsa, wadda duk muke kira Maman 'yan biyu, da 'ya'yansa mata tagwaye da ke shirin shiga jami'a, sai ni ƙaninsa. Yau kwana tara ke nan.

Yaya, an ce in rubuta alherinka tunda ni ne mai rubutu a gidanmu. Zan rubuta. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, wadda na kasa faɗa maka kana da rai, kuma wallahi idan ban fitar da ita a nan ba kashe ni za ta yi.

Ina aji uku na firamare mahaifinmu ya rasu, kai kuma kana koyon aiki. Ba wanda ya ce ka ɗauke ni, ka ɗauka. Idan na kawo maka takardar sakamako, sai ka wanke hannu da sabulu har sau biyu kafin ka taɓa ta, duk da haka sai baƙin mai ya bar shatin yatsanka a gefe. Kai ka sa mini suna Malam Biro, kana cewa hannuna ko murfin kwalba ba ya iya kwancewa, gara a bar ni da boko kada in karya wa mutane motoci. Har na yi furfura a ofis ban taɓa jin sunana na gaskiya a bakinka ba.

A gareji kuwa, kowa ya san ba ka da daɗin sha'ani idan aka wulaƙanta mota, amma ba ka iya wulaƙanta mutum. Kakan ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ka kafa kunne a ƙotarta, ka faɗi ciwon kafin a kwance ko noti ɗaya. Na ga ranar da wani mai tasi ya zo yana share hawaye, an ce masa sai ya sake inji. Ka saurara, ka canja wata 'yar waya, ka ce ya ɓace maka da gani kafin ka canja ra'ayi. Na kuma ga ranar da ka fatattaki wani attajiri saboda ya tayar da mota da sanyin safiya ya take totur nan take. Ka ce masa shi ma idan aka tashe shi daga barci aka ce ya yi gudu, ai faɗuwa zai yi. Mutumin bai sake dawowa ba, ko a jikinka.

Abu ɗaya tak na san ka so wa kanka a duniya. Sama da teburin aikinka akwai shafin wata tsohuwar kalanda mai hoton motar tsere ta zamanin da, ja, mai kujera biyu, ba rufi, hancinta dogo. Kana saurayi ka taɓa gyara irinta sau ɗaya, ta wani likita, kuma ka ba mu labarin ƙarar injinta ya fi sau dubu. Ka san shekarar da aka daina ƙera ta, ka san kaɗan ne suka rage a duniya, kana bin labarin gwanjonsu kamar yadda wasu ke bin ƙwallo. Ba ka taɓa cewa za ka mallake ta ba. Abin da za ka tara, a cikina da makarantata ya tafi.

Da ciwon ya cinye maka ido, yatsunka kuma suka daina jin abin da suka taɓa sosai, likita ya ja ni gefe ya ce ƙoda ta gaji, mu yi ta addu'a. Na fita daga asibitin kamar mahaukaci. Na ce lallai sai na yi maka abu ɗaya kafin ka tafi. Motar nan ta kalanda, ta ainihi, ko na sayar da kaina ba zan iya sayen tayarta ba. Sai na samu wani kamfani ƙarami da ke ƙera kwaikwayonta: siffa iri ɗaya, sitiyarin katako, kujerun fata, amma injin na wata motar zamani ce ta yau da kullum. Mai kamfanin bai cuce ni ba, Allah ya sani. Ya ce mini ƙarara, "Wannan kwaikwayo ce, ta sha'awa. Kada ka saya da tunanin za ta yi daraja." Na ce na ji, na saya. Niyyata in gaya maka haka, mu yi dariya tare.

Aka kawo ta a bayan babbar mota, aka sauke a harabar gidanka. Maman 'yan biyu ta riƙo hannunka har gabanta. Ka ɗora tafin hannu a kan hancinta, ka bi shi a hankali har zuwa ƙofa, ka laluba sitiyarin. Sai na ga hawaye na zubo maka, kai da ko a jana'izar mahaifiyarmu ban ga hawayenka ba. Ka juyo inda kake jin numfashina ka ce, "Malam Biro, ita ce?"

Na ce, "Ita ce, Yaya."

Kalma uku. Daga nan sai da na ƙaro wasu don su tallafe su. Na ce wurin magadan wani tsoho na same ta, ba su san darajarta ba. Na zaci ƙaryar ba za ta wuce minti biyar ba, domin da an murɗa makulli kunnenka zai kama ni. Har na miƙa hannu zan tayar, in huta. Kai ka daka mini tsawa. Ka ce motar da ta yi shekaru a ajiye ba a tayar da ita da ka, sai an juye mai, an wanke tanki, an juya injin da hannu, kuma ba wanda zai yi wannan sai kai, idan ka ji sauƙi. Ka karɓe makullin ka sa a aljihu. Ƙa'idar aikinka, wadda ka rayu a kanta, ita ta rufa mini asiri.

Dogo, babban mataimakinka da ya yi shekara ashirin da biyar tare da kai, ya zo washegari. Ya ɗaga bonet, ya duba, ya mayar a hankali. A bakin ƙofa ya tare ni ya ce, "Ka gaya masa. Wannan ba mutumin da ake yi wa haka ba ne." Na roƙe shi ya ba ni mako ɗaya.

Mako ɗaya ya zama shida. Kullum da la'asar a zaunar da kai a kujerar direba, ka riƙe sitiyari kana ba tagwaye labari, har abinci ka koma ci. Sau nawa na zo da maganar a bakina, in tarar kana dariya, in haɗiye! Na riƙa ce wa kaina ai ba wanda ƙaryar ta cutar.

Sai ranar da ka tara mu a falo, da lauya. Ka ce motar nan ta fi garejin da gidan daraja nesa ba kusa ba, idan ka tafi a sayar da ita, za ta ɗauki karatun yaran da zaman uwarsu har ƙarshen rayuwa. Saboda haka garejin, da fili da kayan aiki, ka ba Dogo da mutum ukun da ke aiki tare da shi kyauta, don su ma suna da iyali. Dogo ya ƙura mini ido. Ya ce, "Oga, a dakata tukuna," ka ce ya rufe maka baki. Ina zaune kusa da kai, gwiwata na taɓa taka. Ni na kama hannunka na kai shi inda za ka sa hannu a takardar, Yaya. Ni, da hannuna. Ka ce yau ka sauke nauyi, ko yanzu aka kira ka ka shirya. Tsoron in ga fuskarka ta canja ya fi mini ƙarfi, na yi shiru. Bayan kwana huɗu ka rasu.

Jiya da safe Maman 'yan biyu ta ce in nemo wanda zai yi wa motar kuɗi. Na durƙusa a gabanta a tsakar gida na faɗa mata komai, ban rage ba. Dogo yana wurin, ya ce su sun yarda a yaga takardar, gareji ya koma hannunta. Ita kuwa ta ce abin da mijinta ya bayar da bakinsa, yana murna, ba ita za ta karɓe shi bayan ransa ba. Ta dube ni ta ce, "Yaran kuma kai za ka gaya musu, da bakinka." Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Wanda ka yi wa ba ya nan. Ni kuma ban shirya ba tukuna."

Gaskiyarta. Yaya, ina zan same ka? Ka raine ni da gumin goshinka, na saka maka da ƙarya, ka tafi kana sa mini albarka a kanta. Na je kabarinka na faɗa, ƙasa ba ta amsa ba. Na yi alkawari karatun tagwaye da cefanen gidanka sun dawo wuyana muddin ina numfashi, amma ko na yi wannan shekara ɗari, ba zai mayar da ni falon nan in buɗe baki ba. Yau da yamma zan zauna da 'ya'yanka. Ban san da wace kalma zan fara ba.

Ya Allah, ka jiƙan yayana, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka ba shi ladan kyautar da ya yi cikakke, domin da zuciya ɗaya ya yi ta. Idan iyalinsa suka shiga wani ƙunci saboda ita, kada ka tambaye shi, ni za ka tambaya. Ina miƙa ta'aziyyata ga Maman 'yan biyu, da tagwaye, da Dogo da abokan aikinsa, da duk wanda motarsa ta taɓa mutuwa a hanya wannan bawan Allah ya tashe ta. Allah ya ba ku haƙurin rashinsa. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'ar rahama, idan kuma da saura a bakinsa, ya roƙa mini Allah ya sa yayana ya yafe mini ranar da za mu haɗu.