Sannu-Sannu da Motar Ungozoma

A garejin da ke bayan tashar mota, rumfa ta uku daga bakin ƙofa, akwai wani fanal bita, wato mai gyaran jikin mota, da kowa ke kira Sannu-Sannu. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ka kawo masa mota da lotsattsen gefe, ka ce kana sauri, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Sannu-sannu, ɗana. Ba ni na buge ta ba." Shekara talatin da takwas yana faɗin haka, har matarsa ma in ta fusata da wannan sunan take kiransa.

Kayan aikinsa ba su cika buhu ba: guduma uku, ɗaya an naɗe kanta da tsumma, dunƙulen ƙarfe mai santsi da yake tokarawa ta ciki, rodi biyar da ya lanƙwasa da hannunsa, sai dogon ƙwan lantarki. Ba ya sayen fenti, ba ya sayen fila, ƙullun nan da ake cike rami da shi a shafe. Shi ta ciki yake bi, ya lallaba ƙarfen har ya koma mazauninsa, fentin kamfani ko ƙwarzane babu. Shi ya sa masu tasi da malaman makaranta suke layi a rumfarsa, aikinsa ba ya yaga aljihu. Da wannan gudumar ya yi ɗaki uku, ya kai 'ya'ya biyar makaranta.

Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma ita ta raba shi da masu buge-bugen banza da suka cika gari. Ba a fara dukan lotsa daga tsakiya. Wanda ya yi haka, ƙarfen zai miƙe ya yi tozo, daga nan sai dai a rufe ɓarna da fila. Daga gefe ake farawa, inda ƙarfen ya lanƙwashe a ƙarshe, a bi shi baya-baya har inda bugun ya sauka. Mai duba aikin kuwa ƙwan lantarkin nan ne. In layin haskensa ya miƙe sambal a jikin ƙofa, an gama. In ya karkace, da saura.

Rumfar da ke kusa da tasa ta mai fenti ce, tsararsa, abokin tsiyarsa.

"Likitan gwangwani, yau ma ka hana ni ciniki?" in ji mai fenti kusan kullum.

"Mai kwalliya, ka jira waɗanda suka fi ƙarfina. Kai ai rufa asiri ka iya, ba gyara ba."

Sai yanar ido ta fara rufe wa Sannu-Sannu gani. Matarsa ce ta fara lura, ranar da ya tsiyaya ruwa a gefen kofi.

"Malam, idon nan fa," in ji ta.

"Kofin ne ya matsa."

"To, Allah Ya shiryi kofi."

Ba a jima ba aka dawo masa da mota, karon farko a rayuwarsa. Murfin injin da ya gyara ya yi tudu da kwari, shi kuwa bai gani ba. Abin ya ƙona masa rai ƙwarai, kwana biyu ko tsokanar mai fenti bai amsa ba.

Mai garejin ɗan marigayin da ya kafa wurin ne, a gaban Sannu-Sannu ya yi rarrafe. Ya zo ya tsuguna, amma maganar ba ta tsuguna ba.

"Baba, girma ya zo. Mai fenti yana bukatar fili. Wata ungozoma ta kira ni, amalanke ya lotsa mata ƙofar mota, gobe za ta kawo. Ni zan tafi sayen kayan gyara, sai jibi. In na dawo na ga alama a ƙofar nan, don Allah ka huta, rumfar ta koma wa mai fenti."

"Na ji, ɗana," in ji shi. Kalma uku, amma da ƙyar suka fito.

Washegari ungozoma ta kawo motar. Ƙofar baya ce ta dama, lotsar ta kai faɗin faranti. Ya cire rufin ciki, ya zuba ruwan ɗumi don kada fenti ya tsage, ya zura rodi. Ya shimfiɗa siririn ƙyalle a tafin hannunsa yana shafa ƙarfen, don ta ƙyalle hannu ya fi jin tudu. Kafin azahar ramin ya tashi. Ya kunna ƙwan lantarki, ya koma wutsiyar mota ya leƙa. Bai ga layi ba, sai wani farin hazo.

Ya daɗe zaune a kan tsohuwar taya. Hannu ya kai inda zai kai, sauran aikin na ido ne, kuma ido ɗaya ne a garejin da ya san wannan layin kamar nasa. Mai idon kuwa shi ne zai gaji rumfar in aikin ya ɓaci.

"Mai kwalliya," ya kira, murya ƙasa-ƙasa. "Ara mini idonka."

Mai fenti ya ajiye bindigar fenti ya zo. "Ka san rumfar tawa ce in ka faɗi?"

"Na sani."

"Rumfar da zan zauna ba wanda zan tsokana, me zan yi da ita? Matsa, tsoho."

Ya tsuguna a wutsiyar mota, ya rufe ido ɗaya. "Sama kaɗan. Hagu. Nan! Taɓa shi kamar kana tashin jariri."

Ƙwas. Ƙwas. Haka suka yi ta yi, ɗaya na gani, ɗaya na bugu. Sau biyu mai fenti ya ce a daki tsakiya a huta, Sannu-Sannu ya ce ko a mafarki. Wajen la'asar mai fenti ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya ce layi ya tsaya kamar zaren magini.

Da mai gareji ya dawo, bai ko ajiye jaka ba ya nufi motar. Makanikai suka bar aikinsu suka kewaye. Ya zaga ta sau ɗaya, ya tsaya a gefen dama, ya karkata kai, ya shafa ƙofar gaba, ya sake shafawa. Mai neman laifi ai ba ya rasawa.

"Baba, ka yi ƙoƙari," in ji shi cikin tausasa murya. "Amma ga shi nan, hannuna yana jin ɗan tudu a nan."

Mai fenti ya juya baya, yana danne dariya. Sannu-Sannu ya taso daga kan taya, ya goge hannu da tsumma ba gaggawa. Farin ciki ya cika shi, amma fuskarsa ko gezau.

"Wannan ƙofar, ɗana, sai ka kai ƙara kamfanin da ya ƙera ta, ban taɓa ta ba. Tawa ita ce ta baya, wadda ka jingina da ita."

Mai gareji ya janye jikinsa ya dubi ƙofar baya. Fuskarsa kawai ya gani a ciki. Garejin ya kaure da dariya, har da shi.

"Rumfarka ce, Baba," in ji shi. "Amma gobe da safe ni da kaina zan kai ka asibitin ido."

"Sai dai bayan azahar," in ji Sannu-Sannu. "Akwai mai tasi da ke jirana."